Tsinken Ashana da Dusar Ƙanƙarar Tabuka

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya yi zafi ya yi sanyi, ya kuma ba kowace ƙasa rabonta. Ku matso, jikokina, ke ma Maryam matso, domin wannan babin naki ne fiye da na kowa. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Na san abin da ake cewa a gidan nan idan na shiga ɗaki na ja ƙofa. Ana cewa Kaka ce ta fitar da mu daga Malaz, Kaka ce ta raba babanmu da aikin da ba zai sake samun irinsa ba, duk a kan tsinken ashana. Ba a yi mini ƙarya ba. Sai dai ƙarshen maganar aka ba ku, ba a ba ku farkonta ba, kuma farkonta ba a Riyadh yake ba, a Gumel yake.

Kakanku, Malam, direban babbar mota ne. Gero da wake yake ɗaukowa daga kasuwar Maigatari ya kai Kano. Duk safiyar da zai yi doguwar tafiya, in ya idar da salla, sai ya leƙo madafa ya ce a ba shi ashana. Bai taɓa shan taba ba. Sai ya fita ya durƙusa gaban tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya, ya cusa kan ashanar cikin zanen taya. In zanen ya haɗiye kan ashanar, sai ya yi bismillah ya matsa gaba. In kuwa kan ya leƙo waje, to taya ta suɗe ke nan, motar ba ta tashi sai an canza. Na ga yana yin haka har idona ya iya ba tare da an koya mini ba. Wata rana da damina, ranar kasuwa, mai motar ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gida yana duba agogo. Malam ya cusa ashana a tayar gaba, kan ya leƙo ja wur. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe ya ba ni tsinken a hannu.

"Tafiya ɗaya ce," in ji shi. "In na dawo a canza."

An yi ruwa da hantsi. Motar ta zame a wata kwana, kwalta a jiƙe, tayar ba ta da abin da za ta kama ƙasa da shi. Kafin la'asar aka kawo mini shi a naɗe cikin tabarma. Babanku a lokacin bai gama famfara ba.

Na so ya yi wata sana'a, amma jinin mota ya ja shi. Yana saurayi Allah ya kawo shi ƙasar nan, ya zama direban gida a wajen wani mutum da ake kira Abu Nasir, a unguwar Malaz ta Riyadh. Ku riƙe wannan da kyau: Abu Nasir mutumin kirki ne, kuma duk abin da zan faɗa gaba bai goge wannan ba. Shi ya yi ɗawainiyar zuwan mamanku Rabi. Shi ya ba mu ɗakunan bakin ƙofa da suke kira mulhaƙ, inda aka haife ku. Da babanku ya ce masa uwarsa ta tsufa ita kaɗai a gida, shi ya nemo mini iƙama, takardar zama, a ƙarƙashin sunansa, a matsayin mai zama da tsohuwarsa. Ni da tsohuwar nan ba mu jin harshen juna, amma mun yi shekaru muna hira. Ina matsa mata ƙafafu, tana zuba mini gahawa tana zaɓo mini dabino mai laushi saboda haƙorana. In ta yi dariya na yi, in ta yi shiru na san ta tuna mijinta, sai ni ma in tuna nawa.

Ashana kuwa ban bari ba. A ƙasar nan ba a kunna murhu da ita, amma ina aikawa kantin bakin layi a sayo mini. Duk ranar da babanku zai kai su Makka ko Dammam, sai in fito da sassafe in bi tayoyin. 'Yan gidan sun mayar da abin wasa. Abu Nasir kan tsaya da carbinsa yana kallona, ya ce da babanku:

"Tambayi injiniyarmu, mun ci jarrabawa?"

In na ɗaga masa hannu sai ya yi dariya ya shiga mota. Shekara da shekaru muna cin jarrabawa, domin shi mutum ne mai kula da kayansa.

Sai shekarar da aka yi sanyin nan mai shiga ƙashi. Ruwa ya yi ta sauka a Riyadh har tituna suka zama kogi, muna kwana da safa muna tashi da safa. A cikin makon aka fara yawo da hotuna a waya, wai dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuka, can arewa. Na gani da idona a wayar mamanku: dutse fari fat kamar an zazzage masa garin rogo, raƙumi tsaye a ciki yana mamakin duniya. Garin nan kaf ya ruɗe. Kowa na son ya je ya taɓa kafin ta narke, domin an ce ba ta daɗewa, rana na fitowa da ƙarfi shi ke nan. Nasir, babban ɗan gidan, saurayi ne a lokacin, gemu bai gama fito masa ba. Shi ya tayar da maganar a kai mahaifiyarsa da ƙannensa mata, babanku ya tuƙa, a tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. 'Yan matan kuma suka ce ba sa tafiya sai da ke, Maryam, don tare kuka tashi. Mamanku ta aro miki rigar sanyi mai gashi a wuya. Kin sa ta tun safe kina zufa a cikin ɗaki, kin ƙi cirewa.

Babbar motar nan mai shiga yashi za a ɗauka. Ita kuwa tun da zafi ya sauka take hannun Nasir. Kullum yamma sai ya fita da ita bayan gari shi da abokansa, suna hawa tudun yashi, suna juyi a kan kwalta har hayaƙi ya tashi, ubansa bai sani ba. Da safen Juma'ar na fito da ashanata, sanyi na yanka mini yatsu. Na durƙusa a tayar gaba na cusa. Kan ya leƙo. Na je ta biyu, ya leƙo. Na zagaya baya, can ma ko wurin cusawa babu, sumul kamar tafin hannu. Na ɗago na ga babanku tsaye da tsumman goge gilashi, bai dube ni ba, domin ya riga ni gani.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani, Inna."

"To?"

"Na yi wa yaron magana tun shekaranjiya. Ya ce in yi shiru, in mun dawo zai canza da kansa kada babansa ya sani. Zan bi a hankali. Tafiya ɗaya ce."

Jikokina, babanku bai san kalmomin da ya faɗa ba. Yana ƙarami aka faɗe su, kuma ban taɓa gaya masa ba. Amma ni da na ji su, sai na ji ƙamshin ƙasar Gumel bayan ruwa a tsakiyar Malaz. Na sa tsinken a bakin zanena na ƙulle.

Akwai wani abokin babanku, Isuhu, mutumin Damagaram, mai aiki a banshar, wato wurin faci da sayar da taya. Duk Juma'a in an sauko yakan biyo ya ci tuwo a wurinmu, don ya ce miyar kukar mamanku ce kaɗai ke hana shi komawa gida. Kafin ya zo ƙasar nan ya yi aiki a duwatsun Aljeriya, inda dusar ƙanƙara ke sauka duk shekara. Ranar ban bari ya wanke hannu ba, na ja shi wajen motar. Ya shafa tayar da tafinsa, ya yi tsaki.

"Hajiya, wannan ko nan kasuwar Batha ba zan je da ita ba in an yi yayyafi."

"Faɗa mini yadda take, ita dusar."

"Ita kanta da sauƙi. Abin tsoro sai motoci sun tattake ta, sanyi ya daskarar da ita, ta koma kamar gilashi. Ka taka birki, mota ta ce ba da ita kake ba. A can inda na zauna, in sanyi ya shigo har tayar ake canzawa, akwai mai laushi mai zane da zurfi, da hoton dutse a gefenta. Wasu su ɗaura wa taya sarƙa. In jandarma ya tare ka a gindin dutse ba ka da ko ɗaya, juyowa za ka yi ko ɗan wane ne kai."

"Sarƙa kamar ta akuya?" in ji mamanku daga bakin ƙofa.

"Kamar ta mahaukaci, uwar gida. Motar ce ke haukacewa."

Babanku ya tambaye shi ko za a samu sababbi a yau. Isuhu ya ce girman tayar motar nan ba ya ajiye ta, sai manyan dillalai sun buɗe bayan hutun mako. Nan Nasir ya fito da makulli a hannu yana cewa yalla, yalla, rana na tafiya. Da babanku ya gaya masa abin da Isuhu ya ce, sai ya yi dariya, ya ce kafin dillalai su buɗe ƙanƙarar ta zama ruwan wanke ƙafa. Ya ce motoci nawa ne a kan hanyar yanzu, duk sarƙa suka ɗaura?

Ban taɓa shiga majalisar maza a gidan nan ba. Ranar na gyara lulluɓina na shiga. Abu Nasir na zaune da surukinsa da wasu baƙi biyu, ana shan shayi, Nasir ya biyo mu ya tsaya a gefe. Na sa babanku a gaba ya zama bakina, na ce duk abin da na faɗa ya juya shi daidai, in ya rage Allah na gani. Na kwance bakin zanena na ajiye tsinken a kan faranti kusa da kofin mai gidan.

"Yau ba mu ci jarrabawa ba," na ce.

Ya yi murmushi, yana zaton wasan da muka saba ne. Da aka gaya masa yadda tayoyin suke, sai murmushin ya ɗauke. Ya dubi Nasir, Nasir ya dubi kafet. Duk wanda ke ɗakin ya gane abin da ya cinye tayoyin da aka sa bara. Na san na tona yaron a gaban baƙi, na kuma san na tona uban da bai san abin da ɗansa ke yi ba, kuma wannan ya fi zafi. Surukin ya ce wani abu a hankali, baƙin suka yi 'yar dariya. Babanku bai juya mini shi ba. Daga baya mamanku ta ji daga bakin babanku, ta ce mini cewa ya yi, ashe gidan nan tsohuwar bakin ƙofa ke ba da izinin fita.

Abu Nasir ya ajiye kofinsa. Ya yi magana a natse.

"Hajja, hanya kwalta ce. Ɗanki ya fi kowa iya mota, shi ya sa na ba shi iyalina. Zai tafi a hankali, in sun dawo a canza. An riga an yi wa yara alkawari. Abu Maryam, ɗauki makullin."

Babanku ya miƙa hannu ya karɓa daga wurin Nasir. Na ga hannun, irin na ubansa ne sak, har tabon da ke babban yatsa kamar an kwafo. Tun da na haife shi ban taɓa ɗaga masa nono ba. Ko da ya bar karatu ya bi tasha ban yi ba, ko da ya taho ƙasar nan ya bar ni ban yi ba. Na san nauyin kalmar, na san ba a mayar da ita ciki. Na faɗe ta da Hausa, ba da ƙarfi ba.

"In ka juya makullin nan yau, da kai da yarinyar nan a ciki, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ba mai jin Hausa a ɗakin sai shi, amma kowa ya juyo ya dube shi. Ya dubi makullin da ke hannunsa. Sannan ya sunkuya ya ajiye makullin a kan farantin, kusa da tsinken.

"Ka yi haƙuri, ya Ammi," ya ce da mai gidan, yadda ake kiran babba a nan, wato baffana. "Ka sa ni kowane aiki. Wannan ba zan iya ba."

"Saboda taya, ko saboda ita?"

"Uwata ce."

Abu Nasir ya ja carbinsa. Ya ce shi ma yana da uwa, ya san haƙƙinta. Amma gida ba ya tafiya da masu umarni biyu.

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin da kuke ganin na faɗi. Sun tafi. An aro direban maƙwabta, wani yaro ɗan Indiya, ya ja motar nan da tayoyin nan. Ke Maryam kin tsaya a bakin ƙofa cikin rigar aro har motar ta sha kwana, sannan kika juyo kika gaya mini magana da Larabci wadda har yau ba wanda ya yarda ya fassara mini. Sun je, sun hau dutsen, sun yi wasa, sun dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu. 'Yan matan suka kawo miki tsaraba a cikin flas ɗin shayi, sun cusa dusar sun rufe. Kika buɗe a tsakar gida muna kallo. Ruwa ne, da 'yar ƙasa a ƙasansa. Ba ki yi kuka ba. Kin dube ni, kika zubar a gindin bishiyar lemun tsami.

Ba a yi faɗa ba, ba a kore mu da tsawa ba. Kafin sanyi ya fita Abu Nasir ya kira babanku ya ce ya nemi wanda zai karɓi kafalarsa, wato ya koma aiki a ƙarƙashin sunan wani, zai sa hannu ba tare da wahalarwa ba. Haka ya koma kamfanin kai ruwan sha gida-gida, mutumin da ya saba da mota mai ƙamshin turare ya koma ɗaukar jarka a kafaɗa yana hawa bene, har bayansa ya zama yadda kuke ganinsa. Kuka koma unguwar Shifa, ɗaki biyu a saman shagon walda. Ke aka cire ki daga makarantar da kike tare da ƙawayenki a tsakiyar shekara. Ni kuwa iƙamata a sunan mai gidan take, kuma direban ruwa ba shi da ikon riƙe uwa. Aka buga mini hatimin fita daga ƙasar. Ranar da zan tafi tsohuwar ta sa aka kai ni ɗakinta, ta cire bargon da ke ƙafafunta ta yafa mini, ta riƙe hannuna tana magana ina magana, ba mai fassara. Ta rasu ina Gumel. Ban yi mata wanka ba, ni da na san kowane ciwo a jikinta.

Shekarun da na yi a gida su ne shekarun da Hausarku ta zube. Na bar ku kuna ce mini Kaka, na dawo ƙananan na ce mini Jadda. Babanku bai fasa aiko mini da abin cefane ba, bai fasa kira ranar Juma'a ba, amma gaisuwa ce kawai: ya jiki, ya ruwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar ranar nan bai taɓa tayarwa ba, ni ma ban tayar ba. Mata a Gumel da suka ji labarin sukan tambaye ni, to da motar ta dawo lafiya, ba ki ji kunya ba? Sai in ce musu a'a. Na yi salla raka'a biyu na gode wa Allah da ya dawo da 'ya'yan mutane. Dawowarsu ba ta ƙara wa tayar zane ba. Sau ɗaya a rayuwata gawa ta tabbatar mini ashana ba ta ƙarya, kuma ban roƙi Allah ya ƙara mini irin wannan shaida ba. Da za a mayar da ni majalisar nan, da sanin duk abin da zai biyo baya, da Shifa, da jarka, da bargon tsohuwa, zan sake ajiye tsinken a kan faranti. Ba na neman ku ce na kyauta. Ina so ku san na san kuɗin abin da na saya, kuma ni ma na biya.

Da kika yi aure, Maryam, mijinki ya nemo mini bizar ziyara na dawo. A lokacin an bar mata su tuƙa mota a ƙasar nan, kin koya, ya saya miki 'yar ƙaramar mota ta hannu. Akwai safiyar da ba ki san da ita ba, don kina ciki kina shirya yaro. Sanyi ya shigo, an kwana ana yayyafi, za ki tuƙa zuwa garin Kharj wajen dangin mijinki, tafiyarki ta farko a bayan gari. Ina zaune a kicin ina ɗumama hannu a jikin butar shayi, sai babanku ya leƙo. Ya yi furfura a gemu, yana dafe da ƙugu. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi.

"Inna," ya ce, "a ba ni ashana."

Na kwance bakin zanena na ba shi. Ta taga na ga ya durƙusa da ƙyar a kan jiƙaƙƙen siminti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har huɗu. Da ya gama bai shigo ba. Ya juyo wajen tagar ya ɗaga mini hannu.

Nan na tsaya da wannan babin. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya riƙe ya gaya wa na bayansa. Allah ya kai ku inda za ku, ya dawo da ku da ƙafafunku.